Direban da Na Zaga

A shekarun da kuɗin mai suka fara cika Gombe da motoci, wata motar auduga ta buge ni a unguwar Shamaki, ƙafata ta karye. A asibiti na ji ana zancen yankewa, sai na sa yayana ya ɗauke ni a ɓoye zuwa wurin mai ɗori. Ƙafa ta haɗu, amma na yi watanni ban taka keken ɗinki ba, abinci ya ƙare a gidana.

Da na nemi diyya, masu inshora suka ce sai da takardar likita, ni kuwa na gudu ban karɓa ba. Magana ta kai kotu.

Tun ina kwance direban motar ya zo gaishe ni, na zage shi har iyayensa. Shi ne ya zo gaban alƙali ba tare da an kira shi ba.

Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni na buge shi. Da hannuna na ɗauke shi, ƙashin a waje."

Aka biya ni. A ƙofar kotu na kasa haɗa ido da shi, na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini."

Ya ce, "Haba, ya wuce. Zo in sauke ka gida."