Tamu da Farin Dutsen Birnin Malam

Tamu mutumin Giwa Tazo ne, haƙar rijiya ya gada wurin ubansa. Na san shi a ranin 1929, lokacin ina akawu kuma tafinta ga wani Bature mai duban duwatsu, wanda mutanen Jega suka sa wa suna Mai Guduma saboda ƙaramar gudumar da ba ya rabuwa da ita. A lokacin Tamu ya kusa shekara hamsin. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kuma ba ya jin magana sosai da kunnen hagu tun da ƙasa ta taɓa rufta masa. Rijiyoyin da ya haƙa tsakanin Maiyama da Aliero ashirin da uku ne, ya lissafa mini su da sunan garuruwansu, babu wadda ya bari ba ruwa.

Ta ashirin da huɗu ita ce ta Birnin Malam. Ya kai zurfin gaba tara muka iso. Matan garin a lokacin sai sun yi tafiyar rabin hantsi kafin su samo ruwa.

Aikina shi ne in ɗebi samfurin ƙasa daga tulin da ke bakin kowace rijiya, in zuba a ƴan jakunkuna, in rubuta wuri da zurfi. Ran nan na tsinci gutsattsarin wani farin dutse a saman tulin, ɓawon ƙumba irin ta gulbi manne a jikinsa, ya zama dutse shi ma. Tunda a sama yake, na ɗauka shi ne na ƙarshen fitowa. Na rubuta: Birnin Malam, gaba tara.

Da Bature ya gani sai ya sa aka kira mai gari da Tamu, ya ce in fassara. Ya ce ƙasa hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jera, ta ƙasa ita aka fara shimfiɗawa. Kowane hawa yana ɗauke da gawar halittun zamaninsa, da su ake gane shi ko a wace ƙasa aka gamu da shi. Wannan ƙumba ta zamanin da teku ya rufe wurin nan ce. Yashin da ke riƙe ruwa kuwa ya fi ta ƙuruciya, don haka a samanta yake kwanciya. Wanda ya kai ga ƙumba bai ga ruwa ba, ya wuce wurin ruwa. A cike ramin, a koma wani wuri da zai nuna, can gabas da gari.

Tamu ya juyo da kunnen dama, ya sa na maimaita. Sa'an nan ya ce, "Tambaye shi, shekara nawa ƙumbar?"

Bature ya ce ba a iya ƙidaya ta daidai. Ana duba yawan lakar da gulbi ke ajiyewa a shekara, a gwada da kaurin dutsen, a ƙiyasta. Dubban dubbai ne.

"To, shekara sai Allah," in ji Tamu. "Wanda ya riga wani kuwa na sani, da ƙafata nake taka su. Ce mishi maganar tabarma gaskiya ta. Amma wanga dutse baƙo na. Bisa jaki ya zo."

Ya yi bayani. A gidansu ba a gina wuyan rijiya da jar marmara. Farin dutse ake ɗaukowa daga arewa, tafiyar kwana huɗu, a sassaƙa shi, a jera daga baki zuwa zurfin gaba ɗaya. Shi kuma a kan tulin ƙasa yake zama ya yi sassaƙar, shi ya sa ɓarɓashin ke zuba a nan.

Bature ya ɗaga jakar, ya nuna rubutuna. Ya ce kowane mai haƙa yana da labarin da zai hana a rufe raminsa, shi da abin da aka rubuta yake aiki. Na ce masa a tuli na tsinta, ban ga fitowarsa daga guga ba. Ya ce tulin daga ina ya fito? Ya sa hannu a takardar umurnin cike ramin, ya ba mai gari, ya koma Jega.

Mai gari ya ce, "Tamu, ka dai ji. Ni ba ni ja da takarda."

"Ranka shi daɗe, ba ni ce ka ja ba. Cikawa aka ce, ku cika."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙanensa Jibrin ya zura shi. Da ya kai ƙasa ya kwance igiyar, ya ce a janye ta. Mutanen da aka tara da kwanduna suka tsaya cirko-cirko, don babu mai zuba ƙasa a kan mutum.

An bar ni in tabbatar an cika ramin, sai na zama mai tsaron bakinsa. Dije matar Tamu tana zura masa fura a guga. Shi kuma yana aiko da gugan cike da abin da ya ɓantaro daga bango, yana kira daga ƙasa.

"Malam Akawu, kana nan ko ka tahi? Gaba biyu, marmara. Rubuta. Wanga karon da idonka ka gani."

Na rubuta. Gaba huɗu jan yumɓu, gaba shida yashi mai tsakuwa, gaba takwas farar laka, gaba tara yashi mai laushi. Ko ɓawo ɗaya babu. Jibrin ya leƙa ya ce masa dogarai za su zo su fito da shi. Ya ce su zo, amma su sani ramin mutum ɗaya yake ɗauka, kuma shi ya riga su.

Kwana biyu yana ciki. Na aika da jakunkunan Jega, da takarda mai cewa rubutuna na farko kuskure ne. A rana ta uku Mai Guduma ya zo da kansa. Ya zazzage jakunkunan a kan tabarma bi da bi, ya daɗe yana murza yashin a tafin hannu. Daga nan ya tuɓe hularsa, ya ce a ɗaura masa igiya. Jibrin da mutum uku suka zura shi a hankali. Muna jin ƙarar guduma, ya tsaya a wuyan rijiyar, ya ƙwanƙwasa, ya ci gaba. Inda farin dutse ya ƙare a zurfin gaba ɗaya, nan ƙumba ta ƙare.

Da ya fito jikinsa duk laka, ya karɓi takardar umurnin daga hannun mai gari, ya ja mata layi biyu. Ya ce in gaya wa Tamu ya fito ya kai shi inda ake ɗauko dutsen, don can ne hawan tekun ya fito fili, kuma shekara biyu ke nan yana nemansa.

Na sunkuya na faɗa, na sake faɗa da ƙarfi saboda kunnen.

"Na ji tun farko," in ji Tamu. "Ce mishi in na ga ruwa mu tahi. Jibrin, aiko da diga."

Bature ya sa aka kafa masa laima a ƙarƙashin tsamiyar da ke kusa. Kwana goma sha ɗaya ya jira. Ranar Talata da hantsi, a gaba goma sha uku da kamu ɗaya, guga ya fito yana ɗiga, Dije ta tsoma ƙoƙo ta miƙa wa mai gari.