Na Nufi Rina, Na Kashe Zuman Surukina

Salamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Ina rubuto muku daga wani ƙauye a bakin Bahar, wato babban kogin nan namu, tsakanin Mai Wurno da Sennar. Lokacin da wannan abu ya faru ni yarinya ce mai goyon fari, ga baki ga gaggawa, ba na iya zama wuri ɗaya. Na yi 'yar makaranta a Madani wurin ƙanwar babana, saboda haka da aka kawo ni gidan miji sai nake ganin duk mutanen ƙauyen nan barci suke yi da idonsu biyu. In an ce a jira gobe, ni raina ya ɓaci ke nan. Mijina kan ce in na ɗora tukunya, har wutar ma tsorona take ji.

A gidan mu uku ne a wannan shekarar: ni, da ɗiyata da ba ta fara rarrafe ba, da Baba, mahaifin mijina. Surukuwata ta rasu tun kafin a kawo ni, mijina kuma ya tafi yankan rake, sai ƙarshen aiki yake dawowa. Kun dai san yadda muke da suruki. Ba na kallon idon Baba, ba na yi masa magana kai tsaye. In yana so in ji wani abu, sai ya ɗauki jaririya ya gaya mata, ni ina madafa ina saurare. Ni ma in zan ba shi amsa, ita nake gaya wa. Baba mai zuma ne. Amyoyinsa na rataye a kan bagaruwa can gefen Bahar, wasu ya ce tun na mahaifinsa ne, shi dai yana sabunta su. Ba ya noma kuma, ƙarfi ya ƙare, zumar nan ce abincinsa kuma ita ce hirarsa. In zafi ya shigo yakan ajiye wani tsohon kasko a kan katangar gida, ya cika shi da ruwa, ya jefa 'yan ƙirare a ciki don ƙudan zuma su samu wurin tsayawa su sha. Kullum bayan sallar asuba sai ya cika shi.

To a farkon zafin nan rina suka yi gida a rufin rakuba, rumfar da muke wuni a ƙarƙashinta. Wata rana na kwantar da yarinya a kan gado ina wanki, sai na ji ta tsala ihu. Rina ta harbe ta a fatar ido. Kafin la'asar idon ya kumbura ya rufe ruf. Wallahi ranar nan hankalina ya tashi, na yi ta zagaye gidan da ita a kafaɗa kamar mahaukaciya. Baba ya karɓe ta, ya shafa mata zuma, ya gaya mata ta faɗa wa uwarta ta yi haƙuri, shi zai turara musu hayaƙin kashin shanu ya cire gidan, amma sai ranar da ya samu wanda zai riƙe masa tsani. Ni kuwa na ce a raina, wane irin sai wata rana! Idon ɗiyata ne fa.

Washegari na hau hafla, motar haya, zuwa Sennar don a duba idon. Matar da ke kusa da ni ta ga yarinyar, ta tambaya, na zayyana mata. Ta ce ai abu mai sauƙi ne, in je ajzakhana, wato shagon magani, in sayi borik, wani farin gari ne kamar gishiri mai laushi, ita da shi ta gama da kyankyasai da tururuwar gidanta. A kwaɓa shi da abu mai zaƙi a ajiye, su sha, su kai wa na gida, kowa ya mutu. Ban tambaye ta komai ba bayan wannan. Mai shagon maganin ma ya ce in nisanta shi da yara da abinci, na ce to, na ƙulle shi a bakin zane na dawo ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Abu mai zaƙi a gidanmu ba sai an nema ba. In Baba ya matse saƙar zuma yakan ba ni ragowar kakin in wanke, ruwan wankin nan mai ƙamshin zuma da shi muke dama kunu. Da shi na kwaɓa garin a murfin kwano. Sai wurin ajiyewa. Na lura da rana tsaka rina suna taruwa a kaskon Baba suna shan ruwa, sai na ɗora murfin a kan katanga dab da kaskon, inda hannun yaro ba zai kai ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban san kaskon na ƙudan zuma ba ne. Na sani sarai. Amma na yi wa kaina dabara cewa su da safe suke zuwa, rina kuma da rana, in na ajiye da azahar na ɗauke kafin Baba ya dawo daga masallacin la'asar, ai shi ke nan. Kuma ban gaya masa ba, ko ta bakin jaririya, don na san zai ce in jira.

Rana ta farko ba abin da ya mutu. Ta biyu ma haka, rina suna ta shawaginsu a kaina kamar suna yi mini dariya. Haushi ya kama ni, na ƙara gari, na ƙara zaƙi har da zuma tsantsa da na ɗiba a kwalba. Ranar da na leƙa na ga murfin ya yi baƙi ƙirin da ƙudan zuma, sai na kore su da mafici na ce ai maganin kyankyaso ne, me zai yi wa ƙuda mai tashi? Na ci gaba da ajiyewa. Taurin kai ne kawai, ba wani abu ba.

Bayan wasu kwanaki Baba ya fara dawowa daga bakin Bahar da wuri. Wata safiya ya zauna a rakuba ya buɗe tafin hannunsa yana nuna wa jaririya, ƙudan zuma ne a ciki, suna motsi amma ba sa iya tashi. Ya ce mata ƙarƙashin bagaruwar nan duk haka suke, sun zube kamar an watsa tsaba. Ni ina tsaye bayan zana da ludayi a hannu ina saurare. Ranar na zubar da sauran garin a masai, na binne murfin kwanon. Amma ƙudan sun riga sun kai shi cikin amya. Ɗaya bayan ɗaya amyoyin suka yi shiru, har ya zama 'yan kaɗan ne suka rage, waɗanda ke can nesa da gari.

Abin da ya fi wannan muni shi ne wanda laifin ya faɗa wa. Baba yana da amini tun suna yara, gidansa na bayan namu, yana noman tumatir da kuɓewa a jarf, wato gangaren bakin Bahar, ba nisa da amyoyin. Tare suke cin abinci a ƙofar gida, akushinsu ɗaya, tare suke shan jabana, wato gahawa, da hantsi. To a 'yan kwanakin nan an gan shi yana feshin maganin tsutsa a gonarsa. Baba ya haɗa wannan da wancan, ya tare shi a gaban mutane ya ce shi ya kashe masa zuma, bayan ya sha roƙonsa ya riƙa sanar da shi kafin feshi. Aminin ya rantse feshin da yake yi kowace shekara ne, bai canza komai ba. Baba ya ɗauke akushinsa ya shigo gida. Daga ranar a rakuba yake cin abinci shi kaɗai, yana fuskantar katanga.

Ni kuwa ban ƙara samun sukuni ba. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe ban san abin da na tashi yi ba. Na share tsakar gida har ƙasa ta yi rami. Tuwo ya sha ƙonewa a hannuna. Matar aminin Baba ta daina leƙo ni ta katanga, ni ma in na hango ta a bakin famfo sai in sake hanya. Sau nawa na ɗauki yarinya na nufi rakuba da niyyar in faɗa, sai in ga bayan tsohon nan ya ranƙwafa, in juya in ce gobe. Ni da ba na iya jiran gobe a kan komai, sai ga ni kullum gobe. Da mijina ya dawo ya tarar na rame, ya ɗauka ciki ne.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ji sallama a ƙofa. Aminin Baba ne. Ya ƙi hawa gado, ya zauna a ƙasa. Ina bayan zana ina jin komai. Ya ce tun ranar da aka yi maganar nan bai sake taɓa abin feshi ba, tsutsa ta cinye tumatir da kuɓewar duka, bai damu ba. Ya ce ya yi ta tunani, wataƙila hannunsa ne ya yi nauyi wajen haɗa maganin bai sani ba, tsufa ya zo. Ya ce ya zo neman gafara, kada ɗayansu ya mutu da wannan a tsakaninsu. Dattijo mai furfura, ya yi asarar nomansa na shekara, yana kuka yana roƙon a yafe masa abin da ni na yi.

Ban san lokacin da na fito ba. Na durƙusa da yarinya a hannu, na fara gaya mata yadda muka saba, cewa ta faɗa wa kakanta, sai na ji abin ya yi mini ƙazanta a baki, in ɗora wa jaririya wannan. Na ajiye ta. Na ce Baba, da bakina, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. Na faɗi hafla, na faɗi garin, na faɗi murfin kwano da ranar da na kore su da mafici. Na so ya zage ni, wallahi na so ya ɗaga sanda. Bai ko dube ni ba. Ya sauko daga gado ya zauna a ƙasa kusa da amininsa, ya kama hannunsa ya riƙe, suka daɗe a haka. Da ya tashi sai ya je katanga ya sauke kaskon, ya zubar da ruwan, ya ɗauka suka fita tare.

Mijina ya yi faɗan da zai yi, aka wuce. Baba ya ce ya yafe, ta bakin jaririya ya faɗa, kuma na yarda ya yafe ɗin. Rina kuwa, ko rabinsu garin nan bai kashe ba. Wata safiya mijina ya riƙe tsani, Baba ya hau da hayaƙinsa, kafin shayi ya tafasa ya cire gidan. Amyoyin sun ɗauki shekaru kafin su cika, wasu ma har ya rasu ba su sake yin ƙuda ba. Amfanin gonar amininsa na shekarar kuma ba wanda ya mayar masa da shi.

'Yan'uwana mata, da ku nake musamman. Duk abin da aka ce yana kashe ƙwaro, to ba ya tambayar ƙwaron sunansa, kuma in kun haɗa shi da zaƙi kun ajiye a fili, ƙudan zuma ne za su riga kowa zuwa. In akwai mai amya a unguwarku, ku tambaye shi kafin ku ajiye komai, ko da surukinku ne, ko da ta bakin jariri ne. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa a ranar, don shirun da na yi ya fi garin nan guba. Ɗiyata yanzu ta yi aure, idonta lafiya lau, ko tabo babu. Kaskon yana nan a kan katangar gidan aminin Baba, jikokinsa ke zuba ruwa. Kullum da safe ina jin ƙudan zuma suna wucewa ta saman gidanmu, ba sa sauka.