Masu Duba Biyu a Zauren Alhaji

Mahaifina ya daɗe yana buga wa wani Alhaji ƙasa a Arlit. Alhajin yana da manyan motoci bakwai da ke yi wa kamfanin haƙar uraniyom jigila, kuma direba ba ya kama hanya sai Baba ya zana rairayi a faifai ya duba.

Shekarar da aka rufe wani ramin haƙar, sai ga wani mai duba daga Damagaram. Alhaji ya haɗa shi da Baba a zaurensa, ya tambaya ko za a sake buɗewa. Baba ya ce, "Alhaji, ban ga hanya ba. Ka sayar da motoci huɗu." Baƙon kuwa ya ce kafin Babbar Salla aiki zai dawo.

Tun daga ranar, buzun zaman da ke kusa da Alhaji ya koma na baƙon. Baba bai daina zuwa ba. Lokacin ina koyarwa a lakwal ɗin unguwar, duk safiya sai na wuce shi zaune a ƙofar gidan, faifansa a cinya. Na roƙe shi ya haƙura. Ya ce, "To, in ya neme ni fa?"

Salla ta wuce, motoci suna tsaye. Na ɗauka yanzu za a kira Baba, amma Alhaji ya ce ai bakin Baba ne ya toshe hanyar. Kowa ya ƙi faɗa wa Baba, dole ni na faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe, washegari kuma ya sa hularsa ya tafi ƙofar gidan Alhaji.