Ranar da Na Kama Sunan 'Yata

'Yata tana Montreuil yanzu, ta zama ma'aikaciya, sai ta ga dama take hawo jirgin ƙasa ta leƙo mu a Rillieux, nan gefen birnin Lyon. In ta zo kuwa sai tsiya, wai Faransancina har yau na Damagaram ne. Nakan ƙyale ta, ina kallonta ina tuna 'yar mitsitsiyar da na ja hannunta zuwa ofishin biza a Yamai.

Ba ni na haife ta ba. Ɗiyar ƙanwata ce, Allah ya jiƙanta, na ɗauke ta tun ba a yaye ta ba. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na riƙe ta a 'yar fari, da kunyarta da komai, ban taɓa kama sunanta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Da maigidana ya samu aiki a Lyon ya ce mu biyo shi, takarduna lafiya lau, nata ake ta juyawa tunda riƙo ne. Dangi har sun fara cewa in an hana ta, a bar ta wajen gwaggonta. A bar wa? Sai dai tafiyar ta fasa.

Baturiyar da ke bayan gilashi a ofishin bizar mace ce mai fara'a. Ta ce, "Madam, yaya sunan ɗiyarki?" Na nuna mata takarda. Ta sake tambaya, na ce ai ga shi nan a rubuce. Sai fara'ar ta ɗauke. Ta ajiye alƙalami, ta dube ni, ta dubi yarinya. Wayyo ni! Ashe ta ɗauka 'yar wani na kwaso, ko sunanta ban sani ba. Ta yaya zan bayyana mata kunyar ɗan fari da Faransancin da bai wuce gaisuwa ba? Na runtse ido na faɗi sunan da ƙarfi, har da na ubanta.

Biza ta fito. Amma yarinya ta ƙi sakin jiki tun daga Yamai har muka sauka, abinci ma sai na yi da gaske. Na ce baƙunta ce da sanyi. Ran nan ina yi mata kitso a bakin taga, tana kallon dogayen gidajen unguwa, sai ta ce a hankali, "Inna, tunda kin faɗi sunana, yanzu na daina zama 'yarki ta fari?"

Na dakata da kitson. Ta san ba ni na haife ta ba, kuma ashe wannan kunyar ita ce shaidarta. Na so in rungume ta, wallahi na so. Sai na dungure mata kai na ce, "Ke, gyara zama! Wa ya san sunanki?" Ta fashe da dariya, ni kuwa na ƙarasa kitson hawaye na ɗiga a gashinta.