Ranar da Sufeto Ya Zauna a Ajina

Shekara huɗu na yi ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji a Madarumfa, malamin kwantaragi. Gaskiya ban iya shi sosai ba. Abin da zan koyar gobe, yau nake haddace shi.

Wata Laraba sufeto ya zo duba aikinmu, ya zauna a bencin baya na ajina. Darasin ranar shi ne yadda ake faɗin aikin da ake cikin yi ba tare da an ambaci mai yin sa ba, kamar mu ce "ana shanya kifi". Na yi wa yara bayani: abin da ake yi wa aikin shi ke zuwa farko, sai "is" ko "are", sai "being", sannan siga ta uku ta aikatau. Bayanin ya fita daidai. Amma a bakina "being" da "been" sautinsu ɗaya ne. Na rubuta a allo: "The fish is been dried."

Akwai wata yarinya a bencin gaba, ɗiyar wani masunci, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Ta ɗaga hannu.

"Malam, ba 'being' ba ne?"

Ina duban allon na san ta fi ni gaskiya. Sai na hango sufeto yana rubutu.

"Zauna," na ce. "Ke za ki koya mini?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai, ta kwafe kuskurena a kayenta, wato littafin rubutunta, kamar kowa.

Da aka tashi, sufeto ya kira ni ofishin daraktan makaranta. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, kuskuren allo ana goge shi. Abin da ka yi wa yarinyar nan ne ya dame ni."

Washegari na gyara jimlar, ban ce da kowa komai ba. Ita kuwa ta koma bencin baya, kuma har shekara ta ƙare ba ta sake ɗaga hannu ba. Na sha yin niyyar kiran ta, sai in ce gobe.

Ba a sabunta kwantaragina ba. Yanzu tumatir nake nomawa a bakin tafki. Yarinyar ma ba ta koma makaranta ba bayan hutu, ban kuma san dalili ba. Na ji an ce tana Ɗan Issa wurin gwaggonta, suna sayar da abinci a tasha. Sau biyu na bi ta can a mota, ban sauka ba.