Farar Safar Hannun Baba Albert

Albert Tagwai ƙanen mijina ne, don haka ina da izinin zaginsa tun ranar da aka kai ni gidansu, kuma ban taɓa barin izinin ya yi tsatsa ba. Gajere ne, ga kunnuwa kamar an manta ba a naɗe su ba. Abu ɗaya ne nake ɗaga masa ƙafa a kai, hannunsa. Ba wai kyau gare shi ba, tafin kamar gindin kaskon tuya, yatsun duk faso. Amma hannun nan ya ja babbar motar masaƙa a Kakuri shekara goma sha tara ko kaza bai taka ba. Da masaƙa ta mutu ya ja bas daga Sabo zuwa cikin gari, daga nan ya zama direban Madam Comfort, mai makarantar kuɗi a Kamazou, 'yar zumuntarmu a coci. Da hannun ya gina ɗaki huɗu a Unguwar Boro, ya aurar da 'ya'ya mata uku.

Tsohuwar Fijon madam kuwa ya san ta fiye da yadda ya san matarsa. Ido na kan titi, yatsa ya je da kansa: nan fanka, nan waifa, nan rediyo. In ya latsa ya ji ƙas, ya san an amsa masa.

Bara sai Victor, autan madam, ya dawo daga Abuja da motar lantarki. Ba ta shan mai, ba ta tari, sai dai ka ga ta wuce ka kamar munafuki. Cikinta babu maɓalli ko na magani. Allo ne guda a tsakiya mai faɗin faranti, shi suke ce wa sikirin, komai sai an shafa shi kamar ana lallashin mage: esi, gilashin taga, waifa, har buɗe but, wato ma'ajiyar kaya ta baya.

Wata Lahadi muna ƙofar coci, mu matan zumunta da ankonmu, yayyafi ya sauko. Albert ya kai yatsa zai kunna waifa. Allon ya yi biris da shi, wai yatsan ya bushe da yawa. Ya sake, shiru. Sai ya yi abin da kowa yake yi in shafin littafin waƙa ya manne: ya lashi yatsan ya dangwala.

Tas! Victor da ke zaune kusa da shi ya make masa hannu. Mutum mai shekara sittin da huɗu, wanda ya riƙa kai shi firamare yana share masa majina.

"Haba Baba! Miyau? A kan sikirin ɗina?" Ya zaro hankici yana goge allon. "Daga yau kada fatar hannun kowa ta sake taɓa shi sai tawa. Kai kuma safa zan sayo maka, wannan hannun naka sai ya kankare min gilashi."

Tagar a buɗe take, mu ashirin muka ji. Albert ya ce, "To, oga." Da yamma na je gidansa na tarar ya zauna yana kallon bayan hannun.

"Maigida," na ce, "yau an yi maka abin da na yi shekara arba'in ina sha'awar yi."

Bai yi dariya ba. "Matar yaya," ya ce, "a gaban mutane ya yi. A gaban mutane zai kwance abin da ya ƙulla."

Washegari aka ba shi safa farare tas, irin na masu faretin coci. Ranar farko ya gano cewa allon ba ya jin yatsa ta cikin auduga sam. Ya haɗiye bai faɗa wa kowa ba sai ni. Da yake kullum Victor ne a gaba yana shafe-shafensa, babu wanda ya lura. Mako biyar Albert yana wanke safar nan yana goge ta da dutsen guga.

Sai ranar kai kayan tambayar aure gidan su Tracy, budurwar Victor, a Mahuta. Kowa ya san ango ba ya zuwa wannan zama, manya ake turawa. Manyan su ne madam, da yayanta wanda ya manta tabaransa, da ni, don in ana neman bakin da ba ya gajiya a cocinmu ni ake nema. Victor da kansa ya loda gishiri da manja da lemo a but, ya ɗaure bunsuru a kansu, ya rufe, ya kunna esi. But ɗin motar kuwa a haɗe yake da mazaunin baya, numfashinku ɗaya da abin da ke ciki.

Da suka zo ɗaukata, Albert ya kashe motar ya fito ya gaishe ni har ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Da ya sake tayarwa, esi bai dawo ba.

Hadari ya haɗu bai zubar ba, garin kamar cikin tukunya. Ba mu kai babban titi ba bunsuru ya saki fitsari.

"Baba Albert, kunna esi mana," in ji madam.

Ya miƙa farin yatsa ya dangwala da ladabi. "Ya ƙi, madam."

"To sauke gilas!"

"Shi ma a ciki yake, madam."

"Cire safar nan!"

"Oga ya hana. A gabanki ya faɗa."

Madam ta miƙo hannu daga baya, amma ta sa farcen kanti mai tsawon cokali saboda bikin, sai ƙwas ƙwas kake ji, allo bai san tana yi ba. Yayanta ya ƙura ido ya danna wani abu, kujerarsa ta fara ɗumi, ya yi tsalle yana kiran sunan Yesu.

"Mama Damaris, ke gwada mana!"

"Ni? Wanda ya goyi ɗanki ma an make shi, balle ni baƙuwa."

Muka isa Mahuta hodar madam ta gangaro har wuya, ɗaurin kanta ya kwanta, dukanmu muna warin bunsuru. Dangin amarya sun cika ƙofar gida. Uban yarinyar, Baba Samson, mutumin Filato ne, tsohon mai walda. Ya ce a shigo da kaya. Albert ya dangwali allo da safa sau uku a gabansu, but bai motsa ba. Wata cikin ƙannen uwar amarya ta ce a matsa ta danna. Albert ya tare ƙofar motar da jikinsa.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Mai motar ya ce fatar kowa kada ta taɓa. Ni da na taɓa, duka na sha."

Baba Samson ya juyo. "Duka? Wa ya dake ka?"

Madam tana ƙifta min ido in yi shiru. Ai bakina aka ɗauko, sai na yi aikin da aka ɗauko shi. Ban rage ko hankicin ba.

Tsohon ya juya nasa hannun, duk tabon wuta. "Wannan hannun ne zai miƙa masa 'yata," ya ce. "In nawa ma zai kankare masa wani abu, gara in sani yau. A kira shi."

"Baba, ango ba ya zuwa," in ji madam.

"Yau zai zo."

A keke mai ƙafa uku Victor ya iso, da silifas ɗin wanka. Aka bar shi tsaye a rana yana jin sunansa a bakin tsofaffi. Sannan Baba Samson ya ce wanda ya sa wa Albert safa shi zai cire masa. Yaro ya durƙusa a ƙasa, yana zare ta yatsa bayan yatsa, yana "Baba ka yafe min." Albert yana kallon sama kamar mai lissafin ruwa. Da aka gama ya lashi babban yatsa a hankali, ya dangwala. But ya ɗaga, bunsuru ya tsinke igiya ya diro ya bi ta tsakanin ƙafafun madam.

An karɓi kayan, amma da sharaɗi. Ranar biki Albert aka zaunar a babban tebur a mazaunin uban ango, tunda uban ya rasu, kuma Baba Samson ya ce ango ne zai zuba masa ruwan wanke hannu kafin a ci abinci. Ina kusa, na ga komai. Victor cikin kwat, da buta da roba, mutum ɗari uku suna jiran shinkafa. Albert ya nemi sabulu. Ya wanke tafi, ya wanke baya, ya bi ƙarƙashin kowane farce. Ruwan ya ƙare.

"Maigida, ya isa haka," na raɗa masa, "yunwa nake ji."

"Oga," ya ce da Victor, "ƙaro buta ɗaya."