Gangar ɗan fari

Shekarun baya can, lokacin da ƙafafuna ke kai ni kasuwar Birnin Kudu su dawo da ni ban nemi ɗan acaɓa ba, akwai jikana a hannuna. Ɗan farin 'yata ne, wadda ke aure a Zandam ta ƙasar Gwaram. Ana yaye shi aka kawo min shi kamar yadda aka saba, bai ƙara komawa can ba sai da yawon sallah. Ni ina ce masa angona, shi yana ce min tsohuwa mai rigima. Uwarsa kuwa Yaya yake ce mata, don a bakin ƙannenta ya ji. Ita ko sunansa ba ta faɗa, "yaron nan" ne kawai. In ya durƙusa zai gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ni na koya mata kunyar ɗan fari, haka na yi wa yayanta har ya yi gemu.

Da ya shiga sakandare sai ya dawo wata rana yana washe baki, wai ya shiga kadet, ɓangaren 'yan badujala, masu yi wa 'yan fareti kiɗa. Wani tsohon soja ne ke koya musu, Saje suke ce masa. Da farko ko ƙanshin ganga bai ji ba. Maci kawai, hagu, dama, hagu, dama, shi kuwa angon nawa in ya ɗaga ƙafar dama sai hannun dama ya bi ta, yana tafiya kamar agwagwa. Da ya gyaru aka ba shi sanduna biyu da guntuwar tayar mota, aka ce ya koya a kanta. Daga nan gidana ya shiga uku. Turmi ya sha duka, murfin tukunya ya sha, ƙwaryar da nake dama fura a ciki tun zamanin maigida ita ma ya tsaga min ita. Na bi shi da muciya har zaure, yana gudu yana cewa ai gara ta mutu a bakin aiki.

Ni fa ko bihim ban sani ba a boko, amma ido gare ni. Bayan la'asar nakan ɗauki carbina in je in zauna a gindin wata darbejiya a bakin filin makarantar, wai ina shan iska. A nan na ga an ɗaga shi daga taya zuwa wasu faya-fayen ƙarfe da ake gwarawa, daga nan kuma aka rataya masa ƙaramar ganga a ƙugu. Na haddace atisayen nan kaf. Na gane cewa ba a yarda yaro ya waiwaya ba ko da kunama ce ta hau shi, sai wuri guda. In sun zo daidai inda za a kafa rumfar manyan baƙi, Saje zai daka wata tsawa da Turancinsu na soja, duk sai su juya fuska dama a tare, su wuce, sannan su mayar da ita gaba.

Ana shirin faretin ranar 'yancin kai aka sa shi a layin gaba. Wata yamma ina shafa wa kakinsa sitaci, yana hura min gawayin dutsen guga. Can ya ce iyayen abokansa duk za su zo kallo. Na ce to ni ba mutum ba ce? Bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, wai Yaya ba ta so na ne? Ƙannena tana kiran sunansu, tana wasa da su. Ni ko kallona ba ta yi."

Na yi masa bayanin kunya iya iyawata. Ya saurara da ladabi, amma na ga maganar ba ta shige shi ba. Yaran yanzu ba a faɗa musu ana son su su yarda, sai sun gani.

Allah ya sa aka yi suna a gidan wata ƙanwata a Gwaram, muka haɗu da uwar tasa. Na ja ta bayan rumbu na faɗa mata yaron zai yi fareti, ta zo ta gani. Ta rufe baki da mayafi ta ce me dangin mijinta za su ce, a ji ta yi mota takanas don kallon ɗan fari? Kuma ga gyaɗa ta shigo gida, ba mai tsinke ta. Ban faɗa mata abin da ya tambaye ni ba, na san zai hana ta cin abinci. Sai na dafa gwiwa na ce to shi ke nan, ni dai ƙafar nan ta matsa min, ranar ki zo ki raka ni babban asibiti. Ta dubi gwiwar, ta dube ni, gwiwar da ta gama taka rawa a tsakar gida ɗazu. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe, Inna. Zan zo."

Ta kuwa zo da hantsi. Muka fito, na yi ɗingishi har bakin titi don mutunci, daga nan na manta da wace ƙafar ce ke ciwon. Ba ta tambayi dalilin da hanyar asibiti ta bi ta filin fareti ba. Mutane maƙil, rana ta buɗe. Ta so ta laɓe can baya wajen masu sayar da rake, na riƙe hannunta na yi ta kutsawa ina cewa a ba tsohuwa hanya, har na tsayar da ita dab da igiya, a gefen rumfar manyan baƙi.

Da gangunan suka taso, har cikin ƙirjina nake jin su. Ga su nan tafe, kaki a tsaye kamar zai yanki mutum, ƙafafu na sauka tare. Ga angona a gaba, sanduna na rawa a hannunsa, ido a miƙe. Saje ya daka tsawar, kawuna suka juyo dama, idonsa ya sauka a kan uwarsa.

Ta ja mayafi ta rufe baki da hanci, amma ba ta kau da ido ba. Shi kuma kiɗansa bai kuskure ba ko sau ɗaya. Ni kam na saki wata guɗa da ta sa wani mai babbar riga a rumfar ya zabura.

Da aka tashi ya zo yana gumi, ganga a ƙugu, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon wani mai sayar da lemo. Sannan ta juyo gare ni, ta ce da muryar da zai ji, "Inna, takalmin yaron nan na hagu yana matse shi. Tun daga can nesa yake taka ƙafar a karkace. A sa masa man kaɗanya a diddige."

Ni da na yi watanni a gindin darbejiya ban lura ba. Saje ma bai lura ba. Da ya cire takalmin sai ga diddigen ya saɓule. Yaron nan ya zauna a ƙasa da takalmi a hannu yana murmushi, hawaye na bin kumatunsa, ya ce zafin ciwon ne. Muka bar shi a haka.

Yanzu ya zama magidanci, har yau ba ta faɗi sunansa ba, kuma bai sake yi min waccan tambayar ba. Ni dai abin da na gane shi ne, kunyarmu ba ta taɓa rage so ba, sai dai takan ɓoye shi har yaro ya ɗauka babu. Ban ce a yar da ita ba, da ita aka raine mu, kuma ina alfahari da hakan. Amma in kina da ɗan fari, ki bar masa ko 'yar ƙofa ce da zai leƙa ya gani. In kuma kin kasa, ki nemo tsohuwa irina, ba ma jin nauyin kowa.